Linzamin Mota: Nasiha ga Samarinmu a kan Zaɓen Kuloci

Ya ku 'ya'yana, samarin Daura da na Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, waɗanda Allah ya sanya muku son ƙarfe kamar yadda ya sanya wa iyayenku son doki, ina so in yi muku magana a kan wani abu da ido ba ya ganinsa, domin a ɓoye yake tsakanin inji da giyabos, amma wanda na ga ya cinye wa wasunku kuɗin da ya isa sadaki, ya kuma raba wasu da motocinsu wata da watanni, wato kuloci. Ban ɗauki alƙalami don in hana ku abin da kuke so ba. Ni kaina na yi shekaru ina riƙe da sitiyari, tun zamanin da Fijo 504 ta kamfanin Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, take sarautar hanyar Kano zuwa Daura, na kuma san daɗin da zuciya ke ji idan mutum ya taka totur mota ta amsa masa. Abin da ya sa na ɗauka shi ne na ga ilimin wannan al'amari ya yi ƙaranci a tsakaninku, alhali dukiyar da ake zubawa a cikinsa ta yi yawa, ga shi kuwa malamanmu sun daɗe da karantar da mu cewa ba ya halatta ga baligi ya afka wa aiki sai ya san hukuncinsa.

Sababin wannan takarda ɗan ƙanena ne, yaro mai ladabi da neman na kansa, wanda ya tara guminsa ya sayi Golf ta huɗu mai giyar hannu, irin wadda injinta ke da na'urar turbo. Ita wannan na'ura, wadda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi wa rajista tun 1905, aikinta shi ne ta yi amfani da hayaƙin da ke fita ta salansa ta juya wata fanka, fankar kuma ta juya wata fankar da ke cusa wa inji iska fiye da abin da zai iya shaƙa da kansa, sai ya ƙona mai da yawa ya ba da ƙarfi da yawa. Yaron bai tsaya a kan abin da kamfani ya ba shi ba, sai ya kai motar Kano aka taɓa masa kwamfutarta aka ƙara wa turbo matsi, ya dawo yana murna, motar tana tashi kamar an tsikari ingarma. Ba a yi wata guda ba, yana dawowa daga Kano, ya wuce Kazaure yana cikin giya ta biyar, ya taka totur zai wuce wata babbar mota, sai ya ji inji ya yi kuka, allurar juyi ta haye sama, amma gudun motar bai ƙaru ba, daga baya kuma wani wari kamar na ƙonannen gashi ya cika masa hanci. Abokansa suka ce masa ai kulocin kamfani ba na maza ba ne, ya nemi na tsere. Ya aika aka kawo masa mai tsadar gaske, wanda aka rubuta wa lamba babba a jikin kwali, aka ɗaura, daga ranar kuwa wahalarsa ta soma.

Kafin in gaya muku irin wahalar, ya wajaba ku fahimci abin da kuloci yake, domin wanda bai san siffar abu ba ba zai san illarsa ba. Abubuwa uku ne suke haɗuwa: akwai filawil, wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke ɗaure a ƙarshen inji yana juyawa tare da shi, akwai faifan kuloci, wanda ke zaune a kan sandar da ke shiga giyabos, fuskokinsa biyu kuma an lulluɓe su da abin da ke kama ƙarfe, sannan akwai murfin matsi, mai ɗauke da sifirin mai ƙarfi, wanda ke danne faifan a jikin filawil. Idan ƙafarka ba ta kan kuloci, murfin ya matse faifan, inji da tayoyi sun zama abu guda. Idan ka taka, matsin ya saki, inji yana juyinsa giya tana nata. A tsakanin waɗannan halaye biyu kuwa akwai wani ɗan fili da direbobi ke kira rabin kuloci, inda faifan ke gogar filawil yana kamawa sannu a hankali, kuma a cikin wannan ɗan fili ne dukkan ladabin tuƙi yake zaune.

To, abin da kuloci yake ɗauka ba shi ne abin da kuke alfahari da shi a majalisa ba. Ku kuna ƙirga dawaki, kuna cewa motar wane tana da doki ɗari biyu, amma kuloci ba ruwansa da dawaki. Abin da ya dame shi ƙarfin murɗi ne, irin ƙarfin da kake sakawa a kan sifana idan za ka kwance notin taya, wanda ake aunawa da ma'aunin Niyuton-mita. Injin Golf ɗin da na ambata, a yadda ya fito daga kamfani, doki 150 gare shi da murɗi 210, kuma yana kaiwa ga wannan murɗi tun yana juyi 1750 a minti ɗaya, wato tun bai yi wani kuka ba. Wanda ya taɓa wa yaron kwamfuta ya gaya masa cewa murɗin ya doshi 300. Wannan ita ce ɗabi'ar turbo, tana sauko da dukkan ƙarfinta lokaci guda a ƙaramin juyi, shi ya sa kuloci mai rauni ba ya nuna aibinsa a giya ta ɗaya, inda mota ke saurin bin inji, sai a ta huɗu da ta biyar, inda nauyin mota ke turjewa inji kuma yana tura iyakar abin da yake da shi. Saboda haka tambayar farko da za ka yi, kafin ka taɓa aljihunka, ita ce murɗi nawa injina yake bayarwa yanzu, murɗi nawa kuma wannan kuloci zai iya riƙewa. Masana sukan ba da shawarar a bar rarar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a sama, ta yadda mai murɗi 300 zai nemi abin da ke riƙe 360 zuwa 390, kuma duk abin da ya wuce haka da nisa ba tsaro ya ƙara maka ba, nauyi ne ka ɗora wa ƙafarka da motarka. Amma kalmomin nan da ake bugawa a kwali, mataki na ɗaya, mataki na biyu, mataki na uku, ku sani babu wata hukuma a duniya da ta ƙayyade ma'anarsu, kowane kamfani da nasa ƙirgen, mataki na biyun wannan yana iya zama na huɗun wancan, don haka wanda ya sayi kuloci da lambar mataki kamar wanda ya sayi hatsi ne da mudun da bai taɓa gani ba.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi na Andalus, sun kasa bukatun ɗan Adam gida uku: akwai larura, wadda idan babu ita rayuwa ta lalace, akwai hajja, wadda idan babu ita a shiga ƙunci, akwai kuma ƙawa, wadda ado ce kawai, sun kuma yi ittifaƙi a kan cewa ba a rushe ta farko don a gina ta ƙarshe. Ku ɗauki wannan ƙa'ida ku ɗora a kan motarku. Motar da kake hawa kullum, wadda za ta kai ka wurin aiki da safe, ta kai yara makaranta, ta ɗauki mahaifiyarka zuwa asibiti da tsakar dare idan lalura ta taso, larurarta ita ce ta tashi da sauƙi, ta tsaya da sauƙi, ta jure shekaru. Gudun da kake yi da ita sau ɗaya a mako a miƙaƙƙiyar hanya ƙawa ne. Kulocin tsere an yi shi ne don motar da aka keɓe wa fage, wadda ke tashi sau ɗaya da ƙarfi ta yi ta gudu, sannan a buɗe cikinta bayan 'yan kwanaki a sake mata kaya, kuma babu wanda ya ƙera shi yana tunanin ranar kasuwar Mai'aduwa.

Bambancin yana cikin abin da aka lulluɓe faifan da shi. Na kamfani, da ire-irensa da aka ƙarfafa, ana yin su ne da zare da ƙaro da siraran wayoyin tagulla, fuskarsu cikakkiyar da'ira ce, a tsakanin fuskokin biyu akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe mai ɗan laushi da ke sa kamun ya zo a hankali, a cibiyar faifan kuma akwai sifirin-sifirin da ke shanye girgizar inji. Wannan shi ne mai haƙuri, shi ne ke yafe wa direba kuskurensa, iyakar aibinsa shi ne idan zafi ya yi masa yawa yakan ƙone ya yi santsi. Akwai na zaren Kevlar, mai daɗewa, mai tausayin filawil, sai dai yana son a daɗe ana lallaɓa shi kafin ya zauna, idan kuwa aka ƙona shi da wuri fuskarsa ta yi ƙyalli ba ya komawa daidai. Sannan akwai wanda aka kawo wa ɗan ƙanena, wanda ba da'ira ba ne, fuka-fuki ne huɗu ko shida, a kan kowanne an manna wani ɗan tubali na garin tagulla da ƙarfe da yumɓu da aka gasa; wannan ba ya tsoron zafi, yana riƙe murɗi mai yawa, amma ba shi da rabin kuloci sai kaɗan, ko dai ya saki ko ya damƙe, kuma yana cin filawil kamar yadda zarto ke cin itace.

Duk wanda ya tashi a garin Daura, ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan Sallah ko hawan Magajiya ya ga yadda mahayi ke zaburar doki ya zo a sukwane sannan ya ja linzami ya tsayar da shi cak a gaban Sarki, ya san cewa linzamin da ake yin wannan da shi mai kaifi ne, ya kuma san cewa barga mai hankali ba ta barin wannan linzami a bakin dokin da ake kaiwa rafi shan ruwa kowace safiya, domin zai yayyage masa baki ya mai da shi mai gardama. Wannan shi ne misalin abin da nake faɗa muku, ban kuma san wani misali da ya fi shi kusa da gaskiya ba.

Yanzu ku ji abin da ya sami yaron. Da farko ƙafarsa ce ta soma ciwo, domin murfin matsin da aka ɗaura masa ya fi na kamfani tauri nesa ba kusa ba, ga shi hanyoyinmu ba sa barin mutum ya huta da taka kuloci: ga tudun rage gudu a kowane gari, ga shingayen bincike a hanyar Kongolam, ga 'yan adaidaita sahu da masu babur da garken shanu. Daga nan sai motar ta koyi kakkarwa, duk sa'ad da zai tashi sai ta girgiza kamar mai masassara, ko ta zabura ko ta mutu. Ranar da abin ya kai maƙura ina cikin motar. Mun tafi ta'aziyya wani ƙauye a ƙasar Baure, muka sauka daga kwalta muka shiga burtali, rairayi mai laushi irin na ƙasarmu, wanda duk direban da ya san shi ya san ba a shigarsa da fushi, sai da giya ta biyu da ƙafa mai taushi. Muka tsaya don wani amalanke ya wuce, da ya zo tashi kuwa kulocin ya damƙe gaba ɗaya, tayoyin gaba suka juya a wuri guda suka haƙa wa kansu rami, ya sake gwadawa suka ƙara nutsewa, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Sai da mutanen ƙauyen suka taru da fartanya da karan dawa, aka tona aka shimfiɗa, aka tura, rana tana tsaka, zufa tana zuba, sannan muka fita. Ya dube ni ya ce, "Baffa, wallahi tsohon kulocin bai taɓa yi mini haka ba." Na ce masa, "Ɗana, shi wancan don irin wannan ƙasa aka yi shi."

Ba a rufa wata uku ba sai sandar da ke kai juyi ga tayar hagu ta soma ƙara a kwana, robobin da inji ke zaune a kansu suka tsage. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi tunani, domin kuloci mai laushi shi ne ke shanye duka a madadin sauran gaɓoɓi, idan ka hana shi shanyewa dukan ba ya ɓacewa, sai ya wuce gaba ya sauka a kan haƙoran giya da sanduna, waɗanda kuɗinsu ya ninka nasa. Haka nan murfin matsi mai tsananin tauri yana tura sandar inji gaba duk lokacin da ka taka, ya cinye abin da ke tokare da ita a cikin inji, ya kuma gajiyar da famfunan mai da ke tsakanin ƙafarka da kulocin.

Muka kai motar wurin wani dattijon bakanike da na daɗe da sani, a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, aka sauke giyabos. Ya ciro filawil ɗin ya ajiye a kan buhu, ya kama yatsan yaron ya bi da shi a kan fuskar ƙarfen, sai ga zane-zane masu zurfi da tabo-tabo masu launin shuɗi inda zafi ya ƙona shi. Ya ɗauko tsohon faifan kamfanin, wanda yaron ya jefar a but, ya goga masa babban yatsa, ya nuna mana maiƙo baƙi. Ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ƙarfin inji kaɗai ya kashe shi ba, ya riga ya tsufa, ga shi kuma baƙin mai yana ɗigo masa daga robar bayan inji." Ashe da an tsaya an bincika tun farko, da an gane cewa rabin cutar yoyon mai ne. Shi ya sa nake roƙonku, idan kuloci ya soma sulɓewa, kada ku yanke masa hukunci sai kun ji shaida: a duba yoyo, a duba ko feda tana da 'yar rarar da ya kamata, a duba shekarunsa, domin kamfanoni sukan bar wa kulocinsu rara, kuma sau da yawa sabo na asali yana riƙe ƙarin da tsoho ya kasa.

Akwai kuma batun filawil da ya kamata in taɓa, domin a nan ma ana yawan ruɗar ku. Yawancin motocin turbo na Turai, da masu shan gas irin su Fijo 406 HDi, suna zuwa da filawil mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985 don ya shanye girgizar inji kafin ta kai ga giya. Yana da tsada, ba a kuma cika iya gyara shi ba, saboda haka ake ba ku shawara ku musanya shi da dunƙulalle, wani lokaci ma marar nauyi, wai don inji ya riƙa tashi da sauri. Dunƙulalle ba haramun ba ne, yana da ƙarko, amma sharaɗinsa shi ne faifan da za a haɗa shi da shi ya kasance mai sifirin a cibiya, kuma ka yarda da ƙarar da giyabos zai riƙa yi idan mota tana tsaye. Marar nauyi kuwa ku bar wa masu fage, domin nauyin filawil shi ne ke taimakon mota ta tashi da lodi ba tare da ta mutu ba.

Idan kun je saye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ko ta hanyar aike, ku sani sunayen kirki irin su Sachs da LuK da Valeo da Exedy su ne aka fi kwaikwaya, kwali ba shaida ba ne, araha kuma ba ta ado. Ku tafi da tsohon faifanku a hannu a ƙirga haƙoran cibiyarsa a auna faɗinsa, ku tafi da bakanike mai amana, ku yi sharaɗin mayarwa idan aibi ya bayyana, wanda shari'a ta ba mai saye haƙƙinsa, ku kuma sayi kayan gaba ɗaya, faifai da murfi da boris ɗin da ke tura shi da robar bayan inji, domin wahalar sauke giyabos ɗaya ce, ba hikima ba ce a biya ta sau biyu a wannan zamani da tun cire tallafin mai a 2023 kowace naira ta san inda za ta. Ina kuma jin nauyin cewa a garin da aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a 2019 samarinsa su riƙa sayen kayan inji da jita-jita; ku tambayi adadi, ku rubuta, ku kwatanta. Kuma wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi bai duba birkinsa da tayoyinsa ba, ya sani rayukan da ke cikin motar da na masu tafiya a gefen hanya amana ce a wuyansa, za a kuwa tambaye shi.

Bayan an ɗaura, sabon kuloci yana bukatar a yi masa reno kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari, ana tashi ana tsayawa a hankali, ba a take totur har ƙasa, har fuskar faifai ta saba da ta filawil. Tafiya Kano da dawowa a giya ta biyar ba ta shiga lissafi, domin kulocin bai yi aiki ba. Sauran kuwa yana ga ƙafarka: kada ka jingina ta a kan feda kana tafiya, kada ka riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci alhali ga birkin hannu, kada ka cika wa inji totur a babbar giya yana ƙaramin juyi, sauko da giya ɗaya ka ba shi sarari.

Ɗan ƙanena ya bi shawarar dattijon nan. Aka sa masa sabon filawil irin na asali, da faifai cikakkiyar da'ira mai sifirin a cibiya wanda aka ɗan ƙarfafa, da murfin da ya ɗara na kamfani kaɗan, aka toshe yoyon mai, aka kuma koma Kano aka ɗan sassauta wa turbo matsi a ƙaramin juyi. Ya yi renonsa mako huɗu yana zagaya gari. Da damina ta wuce muka sake bin wannan burtali na ƙasar Baure, wannan karon da kakarsa a baya za mu kai ta ganin jika, muka isa daidai inda muka taɓa kafewa, ya tsaya don wasu awaki su tsallaka, sannan ya sa giya ta biyu, ya ɗaga ƙafarsa sannu-sannu, motar ta ɗauki nauyinta ta bi ta kan rairayin, tsohuwa tana jan carbinta ba ta ko ɗago kai ba.